Ba kowane takin zamani ake gamawa da wani ba

Manomi, kafin ka zuba taki iri biyu cikin buhu guda, ka karanta wannan.

Takin zamani ɗan'uwan gishiri ne. Ka san yadda gishiri yake jiƙewa da damana ko ba a zuba masa ruwa ba. Laimar iska yake sha. Haka ure yake, farin takin nan mai kama da ƙanƙara. Cikin kilo 100 na ure akwai kilo 46 na abincin shuka da ake kira azot. Shi ke sa ganyen hatsi ya yi kore shar. In laima ta yi yawa, kamar a watan Agusta, ure yakan fara narkewa. In ya bushe kuma sai ya dunƙule kamar dutse.

Takin sufa, mai launin toka, wanda ake sa wa gujiya da wake, yana da ruwa ɓoye a jikinsa. In yana shi kaɗai, ruwan ba ya fita. Amma in ka gama shi da ure, sai ure ya saki ruwan nan. Kafin ƴan kwanaki takin ya yi danƙo, ba ya watsuwa. Zafin ɗaki yana ƙara gaggauta ɓarnar. Wani takin 15-15-15 ma yakan jiƙe in ya kwana da ure.

Toka ita ma ba ta shiri da takin DAP. In suka gamu da laima, azot ya tashi ya bi iska. Za ka ji wari mai hawa hanci. Kuɗinka ne ke tashi.

To, ga abin da za ka yi:

1. Ajiye kowane taki cikin buhunsa, ka ɗaure baki tam.
2. Aza buhunan bisa itace, cikin inuwa, nesa da bango.
3. Sufa ko 15-15-15 lokacin shibka, ure kuwa bayan noman fari, in ƙasa tana da danshi.
4. Rufe ure da ƙasa. In ka bar shi a fili, rabonsa ya bi iska.
5. In tilas sai ka gama, auna wanda za ka zuba a ranar kaɗai.

In wani sabon taki ya zo hannunka, tambayi malamin gona tukuna. Allah ya ba mu damana mai albarka.