Me ya sa bijimi ke ramewa a allon waya?

Masu sayen shanunmu a Kara da Oko-Oba yanzu a waya suke fara ganin dabba kafin su taso. Abin da nake yawan gani a shafukan tallan ƴan'uwa shi ne, bijimi ya fito ɓul-ɓul a kwamfuta, amma a waya hotonsa ya matse kamar ya sha rani, bidiyon kuma ya yanke masa gindi. Mai saye sai ya ɗauka cuta ce, ciniki ya watse.

Ga dalili. Lambar da YouTube ke bayarwa a liƙa tana zuwa da faɗi 560, tsayi 315, alhali allon waya bai kai wannan faɗin ba. Hoto kuwa, in faɗinsa ya ragu tsayi bai ragu ba, dole siffa ta lalace.

Maganin shi ne tsayi ya riƙa bin faɗi. Ka ce wa mai haɗa maka shafi ya sa faɗi 100%, ya cire ƙayyadadden tsayin, ya rubuta aspect-ratio: 16/9, wanda Chrome ke ganewa tun 2021. Bidiyon da aka ɗauka a tsaye kuma 9/16 ne.

Kafin ka biya shi, buɗe shafin a ƙaramar waya ka gani da idonka.