Ko Kun Sani? Hanyar Likitanci Daga Aji Huɗu Take Farawa

Ɗalibin Tofa da ke burin zama likita tun a aji huɗu na sakandare yake yanke hukuncin makomarsa, ranar da aka raba 'yan kimiyya da 'yan adabi. Hukumar JAMB ba ta karɓar mai neman likitanci sai ya rubuta Turanci, bayoloji, kemistiri da fiziks, maki 400 gaba ɗaya. Sakamakonsa na WAEC ko NECO kuma dole ya nuna kiredit a waɗannan huɗu, haɗe da lissafi.

Ko an ci, gurbin kaɗan ne, domin majalisar likitoci ta MDCN ce ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka, ciki har da Jami'ar Bayero. Shi ya sa ake tura masu maki mai kyau zuwa wasu kwasa-kwasan, abin da ke karya zuciyar yara da dama.

A Amurka kuwa, ko digirin tarihi mutum ya yi, yana iya neman likitanci, muddin ya cika darussan kimiyya ya rubuta jarrabawar MCAT.

Amma a nan gida ba haka ba ne, don haka iyaye, ku tambayi ajin da aka sa 'ya'yanku. Kwalejin kimiyya ta Dawakin Tofa, wadda aka buɗe a 1977, tana nan maƙwabtaka da Tofa.