Man Kifi da Haihuwar Bakwaini a Magarya da Dungas

A lissafin likitoci, bakwaini shi ne jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37, wanda sau da yawa huhunsa bai gama ƙwari ba, jikinsa kuma ba ya iya riƙe ɗumi. A gundumomin Magarya da Dungas na jihar Damagaram, inda ƙauyuka da dama ke nesa da sashen yara na asibitin Magarya, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF take tallafa wa, duk abin da zai ƙara wa ciki ko da mako ɗaya ya cancanci a duba shi da kyau.

Man kifi yana ɗauke da wani kitse mai suna omega-3, wanda ake ganin yana rage sinadaran da ke tayar da naƙuda tun lokaci bai yi ba. A 2018 ƙungiyar masu bincike ta Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 70 da aka yi da mata kusan 20,000, inda ta gano cewa shansa ya rage haihuwar bakwaini da kashi 11 cikin 100, haihuwa kafin mako 34 kuwa da kashi 42. Sai dai wani babban gwaji da aka yi a Ostareliya, aka kuma wallafa a 2019, bai ga wannan raguwa ba, kuma da aka sake nazarin sakamakonsa sai ya bayyana cewa matan da kitsen ya yi ƙaranci a jininsu su ne suka amfana.

Wannan ya sa batun ya shafi yankin Magarya da Dungas, inda gero da wake suka fi yawa a tukunya, kuma tarwaɗa da karfasa da ake samu ba su kai kifin teku irin su sardin yawan omega-3 ba. Amma galibin gwaje-gwajen a ƙasashe masu arziki aka yi su, inda zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini da ɗaukar ciki da ƙuruciya ba su addabi mata kamar nan ba, saboda haka ƙwayar man kifi ba za ta maye gurbin awon ciki, gidan sauro da maganin ƙarin jini ba.

Man hantar kifi kuwa daban ne, domin yana ɗauke da bitamin A mai yawa wanda kan cutar da ɗan tayi, kuma bai kamata mai juna biyu ta saye shi a kasuwa ba tare da shawarar ungozoma ko likita ba.