Daga karen mota zuwa direba: Abin da ke jiran wanda aka miƙa wa makullin tirela

Da asubar fari a kasuwar hatsi ta Dawanau da ke Kano, kafin direba ya fito daga masallaci, akwai wanda ya riga ya zagaya motar. Ya bubbuga tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya duba ruwa da baƙin mai, ya ƙara ɗaure igiyar tamfol, sannan ya tayar da inji ya bar iska ta taru a tankin burki. Shi ne yaron mota, wanda aka fi sani da karen mota, sunan da yawancinsu ba sa so amma sun saba da shi.

Kusan duk direban babbar mota da ke yawo tsakanin Arewa da Kudu ta wannan ƙofar ya shigo. Babu ranar shiga, babu ranar yaye. Uba ko yaya ne kan kai yaro wurin direban da ya yarda da shi, ya ce ga amana. Daga nan sai wanki, da dafa abinci a gefen titi, da kwana a ƙarƙashin mota don gadin batir da man gas, da dirowa da gudu a sa waji a bayan taya idan mota ta tsaya a hawa. Wani ya yi shekara uku a haka, wani ya haura biyar, ya danganta da kaifin kansa da kuma halin ogansa.

Sitiyari kuwa a hankali ake ɗanɗana masa. Da farko ya gyara wa mota tsayuwa a gareji. Daga baya, idan an samu miƙaƙƙiyar hanya kuma oga ya gaji, a ba shi ya ja na awa ɗaya. Abin da ya fi ba sabon hannu wuya shi ne ribas, domin bodin tirela ba ya bin kan mota yadda ƙaramar mota ke yi: ka juya sitiyari dama, bayan ya nufi hagu. Wanda ya iya shigar da tirela da baya cikin lungun sito ba tare da ya goge katanga ba, tsofaffin direbobi sun fara kallonsa a matsayin ɗan'uwa.

Takarda da mai tsaya maka

Iya tuƙi daban, samun mota daban. A dokar Najeriya, motoci masu jan bodi suna da rukunin lasinsu na musamman, wato rukunin G, kuma ba a ba da lasin tuƙin haya sai ga wanda ya kai shekara 26. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana buƙatar mai neman sabon lasin ya bi ta makarantar koyon tuƙi da ta amince da ita, a kuma gwada shi. Nan ne matsala take ga yaran mota da yawa: sun ƙware a hannu, amma ba su taɓa zama a aji ba, wasu ma karatun alamomin hanya a aikace kawai suka koya. Masu gaggawa kan faɗa hannun 'yan damfara su biya kuɗi a ba su lasin bogi, ba za su gane ba sai ranar da jami'i ya duba lambar a kwamfuta.

Bayan lasin sai mai tsayawa. Babu mai motar da zai ɗauki dukiyar miliyoyin naira ya miƙa wa wanda bai san gidansu ba. Yawanci ogan da ya koyar da yaro shi ne ke kai shi wurin wani Alhaji mai motoci ya ce ya yarda da hannunsa. Kalmar nan ta fi kowace takarda nauyi, kuma idan yaron ya yi ɓarna, sunan ogan ne ya ɓaci.

Akwai kuma hanyar manyan kamfanoni, masu ɗaukar direba da albashi bayan gwajin lafiya da na ido da horo. Aikin ya daina zama na waɗanda ba su yi boko ba kaɗai. A 2012, da kamfanin Dangote ya nemi masu digiri su zo su koyi tuƙin manyan motoci, dubbai ne suka nema, har da masu digirin digirgir, abin da ya jawo surutu a faɗin ƙasa.

Lissafin man gas

Abin da ba a cika gaya wa sabon direba ba shi ne yadda kuɗin aikin yake. A wurin masu motoci da dama, albashin wata ba wani abin kirki ba ne. Ana auna wa direba litocin man gas na zuwa da dawowa, a ba shi kuɗin hanya, abin da ya rage nasa ne. Daga kuɗin hanyar nan zai ci abinci, ya ciyar da yaronsa, ya biya mai faci, ya sallami masu karɓar haraji da 'yan ƙungiya da masu shinge, waɗanda tsakanin Kano da Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, ba sa ƙirguwa cikin sauƙi. Idan kaya suka isa da giɓi, ko buhu ya jiƙe, a jikinsa za a cire.

Wannan tsarin shi ke haifar da ɗabi'un da ke kashe mutane. Don a rage shan mai, wasu kan cire giya su saki mota a firi a gangara. Mota mai ɗauke da buhu 600 na siminti, tan 30 ke nan, idan ta ɗauki gudu a haka, burki kaɗai ba ya riƙe ta. Yawan taka shi na sa ya yi zafi ya daina kamawa, iskar tankin kuma ta ragu. Direban da ya san aikinsa tun kafin ya fara gangarowa yake sa ƙaramar giya, ya bar inji ya riƙe motar. Wasu kuma don neman ƙari sukan ɗora fasinjoji a saman kaya ko a kan shanu, abin da hukuma ta hana, domin idan motar ta kife ba mutum ɗaya ko biyu ake rasawa ba.

Ga kuma barci. Mai kaya na waya, mai mota na waya, musamman idan tumatir ne ko albasa za a kai kasuwar Mile 12. Daga goro da shayi mai kauri, wasu sukan zarce zuwa ƙwaya irin su tiramol. Sabon direba da ke son nuna shi ma ya isa, shi ya fi saurin faɗawa wannan rami. A ƙa'ida, gudun tirela da tanka bai kamata ya wuce kilomita 60 a awa ba ko a babban titi mai hannu biyu, kuma tun 2017 FRSC ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu.

Tanka kuwa wata duniya ce. Ruwa ba ya zama wuri ɗaya kamar buhu. Idan aka taka burki ya turo gaba, idan aka sha kwana ya kwanta gefe, shi ya sa ba a cika fara wa sabon hannu da ita ba. Gobarar tankar mai a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, wadda ta ci rayuka fiye da 150, da ta mahaɗar Dikko a Jihar Neja a watan Janairun 2025, har yanzu suna bakin direbobi. Bayansu ne gwamnati ta hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 lodin mai daga ranar 1 ga Maris, 2025.

Gida a hanya

Wanda ya karɓi makulli ya karɓi sabbin garuruwa: Marabar Jos, Tafa, Mokwa, Jebba, Ogere. A nan ake wanka, a ci tuwo, a ji labarin inda hanya ta lalace da inda bai kamata a bi da dare ba saboda 'yan fashi da masu garkuwa da mutane. Labarin da a da sai an haɗu a teburin mai shayi, yanzu a WhatsApp yake yawo cikin saƙon murya. Tafiyar da aka shirya ta kwana huɗu kan iya zama mako biyu idan giyabos ya lalace a daji ko layin shiga tashar Apapa ya ƙi motsi. Matar sabon direba takan koyi cefane da kuɗin da aka turo ta waya, suna da biki kuma sau da yawa a bayansa ake yi.

Duk da haka layin masu jira bai ragu ba, domin direban da ya riƙe amana yakan gina gida, ya aurar da ƙannensa, wani ma ya sayi tsohuwar DAF ta kansa ya shiga sahun masu motoci. A ranar tafiyarsa ta farko, ogansa kan raka shi har bakin gareji, ya sake gaya masa inda zai kwana da inda ba zai tsaya ba ko an ɗaga masa hannu. A kujerar gefe kuma akwai wani yaro da aka kawo jiya, riƙe da waji, yana jiran a ce masa ya sauka ya duba baya.