Ciwon Gaɓoɓi da Tsoka Wanda Tushensa Yake a Wuya

Tun kafin kiran assalatu manyan motoci suke fara sauke kaya a kasuwar Sandaga: kwandunan tumatir daga Fumbot, buhunan albasa daga arewacin Kamaru, da kabeji da karas da tattasai. 'Yan dako suna ɗauka suna saukewa, mata suna tsugunne suna tsince mai kyau daga wanda ya ruɓe. Wanda ya yini a wannan aiki, idan ya koma gida New Bell yana kukan ciwon baya ko gwiwa, babu mai mamaki. Amma gajiyar aiki an san halinta, ana kwana da ita a wayi gari ta yi sauƙi. Akwai wani ciwon jikin da hutu ba ya rage shi, tausa ba ta kore shi, ƙwayar kashe zogi kuma sai ta lafar da shi na 'yan awoyi ya dawo. Daga cikin abubuwan da ke haddasa irin wannan har da raunin wata 'yar halitta da ke gaban wuya, wadda likitoci ke kira tayirod.

Mece ce tayirod?

Tana ƙasa kaɗan da zakaran wuya, tana da ɓangare biyu, dama da hagu, nauyinta kuma a jikin baligi wajen giram 20 ne. Ita ce idan ta kumbura ake cewa mutum ya yi maƙoƙo. Aikinta shi ne zuba wasu sinadarai biyu cikin jini, T4 da T3, waɗanda ke daidaita saurin aikin jiki gaba ɗaya: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkewar abinci, kaifin tunani da ƙarfin tsoka. Idan sinadaran suka yi ƙaranci, jiki sai ya zama kamar tukunyar da aka janye wa itace, tana kan murhu amma tafasa ta ƙi. A takardun asibitocin Duwala, waɗanda akasari da Faransanci ake rubuta su, sunan wannan lalura hypothyroïdie. Ku lura, mutum yana iya samun raunin tayirod ba tare da wuyansa ya kumbura ko kaɗan ba, kamar yadda wani yake da maƙoƙo alhali tayirod ɗinsa tana aiki daidai.

Yadda ciwon yake a jiki

Tsoka tana bukatar sinadarin tayirod domin ta sami ƙarfin ɗaurewa da saki. Idan ya yi ƙaranci sai ta yi nauyi, ta riƙa ɗaurewa da dare, musamman a sha-raɓa, ta kuma sandare da safe. Raunin ya fi kama manyan tsokoki na kusa da gangar jiki, wato cinya da ƙugu da kafaɗa. Saboda haka alamun farko sukan fito a ayyukan yau da kullum. Mutum ya ga sai ya dafa ƙasa ko bango kafin ya miƙe daga sujada. Mace ta ga hannunta ya gaji tun ba ta yi nisa da daka ko kitso ba. Ɗan dako ya ga buhun da yake ɗagawa shi kaɗai bara, bana sai an kama masa. Hawan benskin ma, ɗaga ƙafa ya zama aiki.

Akwai kuma wani abu mai yauƙi da ke taruwa a ƙarƙashin fata da kewayen gaɓoɓi, yana jawo ruwa yana riƙewa. Shi ne ke sa fuska ta yi suntum da safe, fatar ido ta kumbura, gwiwa ta tara ruwa, zobe ya matse yatsa. A wuyan hannu akwai wata ƙunƙuntar hanya da jijiyar ji take bi zuwa yatsu. Idan wurin ya kumbura sai jijiyar ta matsu, minjirya ta riƙa kama babban yatsa da manuniya da na tsakiya, har ta tashi mutum daga barci yana yarfe hannu. Wasu kuma kafaɗa ce take ƙagewa, su kasa kai hannu baya.

Ciwon tsoka shi kaɗai bai isa a zargi tayirod ba. Abin da ke ƙarfafa zato shi ne ya zo da rakiya: kasala mai yawa, yawan barci, mantuwa, bushewar fata, zubewar gashi, taurin bayan gida, dushewar murya, ƙarin ƙiba ba tare da an ƙara ci ba, da jinin al'ada mai yawa ko mai rikicewa. Sai kuma jin sanyi. A gari irin Duwala, inda zufa ke karyo wa mutum yana zaune, wanda kuka gani yana neman mayafi da rana tsaka alhali ba zazzaɓi yake yi ba, ya cancanci a gwada jininsa. Lalurar tana shigowa a hankali cikin watanni ko shekaru, shi ya sa iyali kan saba da ita, su ce tsufa ne, ko sanyin ƙashi, ko ma lalaci. Wannan na ƙarshen ya fi zafi, domin mata da yawa sun sha gori a kan ciwon da ba su suka ɗora wa kansu ba.

Daga ina raunin yake zuwa?

Tayirod ba ta iya haɗa sinadaranta sai da aidin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta bukatar baligi a kan maikirogiram 150 a rana, ta mai ciki da mai shayarwa kuma 250. A da maƙoƙo ya yi yawa a yankunan da ke nesa da teku, kamar gabashin Kamaru, har gwamnati ta wajabta sa aidin a gishiri a 1991, Nijeriya kuma ta yi haka a 1993. Rogon da ba a jiƙa shi sosai ba yana ɗauke da wani abu da ke hana tayirod cin moriyar aidin, kuma binciken da aka yi a yammacin Sudan ya nuna gero ma yana da irin wannan hali inda aidin ya yi ƙaranci. Ba a ce ku bar fura ko kunu ko miyondo ba. Ku dai sayi gishirin da aka rubuta sel iodé a ledarsa, ku ajiye shi a rufe nesa da murhu, domin danshi da zafi suna rage aidin ɗin da ke ciki.

A wuraren da aidin ya wadata, babban sanadi shi ne garkuwar jiki ta juya ta riƙa yaƙar tayirod har ta raunana ta. Wani likitan Japan, Hakaru Hashimoto, shi ya fara bayyana wannan a 1912, kuma sunansa cutar take amsawa. Ta fi kama mata nesa ba kusa ba, tana kuma bin dangi. Wanda aka yi wa tiyatar maƙoƙo, da mai shan maganin zuciya amiodarone ko maganin lithium, su ma suna cikin waɗanda ya kamata a riƙa gwadawa. Haka mai jego: a cikin shekarar farko bayan haihuwa tayirod takan rikice, sai a ɗora kasalar da ciwon jikin a kan raino da rashin barci. A wasu matan yakan gyaru da kansa, a wasu kuma ya zauna.

Gwaji

Ba a gane wannan lalura da ido ko da taɓa wuya. Gwajin jini ne, sunansa TSH, kuma ana yin sa a asibitin Laquintinie da ke Akwa, da Babban Asibitin Duwala, da ɗakunan gwaji masu zaman kansu. Kuna iya farawa daga asibitin gundumar New Bell a rubuta muku takarda. TSH sinadari ne da ke fitowa daga ƙasan ƙwaƙwalwa yana umartar tayirod ta yi aiki. Kamar maigida ne da yaron shagonsa: idan yaro ya yi sanyin jiki, maigida sai ya ƙara ɗaga murya. Don haka TSH mai yawa alama ce ta tayirod mai rauni, abin da kan ruɗa mutane idan sun karanta sakamako. A yawancin ɗakunan gwaji adadin lafiya yana tsakanin 0.4 da 4 ko kusa da haka. Idan ya haura, likita zai nemi T4 libre domin tabbatarwa, wani lokaci kuma da gwajin CPK, wanda ke nuna ko tsoka ta taɓu.

Ba kowane ciwon gaɓa ne na tayirod ba, kuma a Duwala masu kama da shi suna da yawa. Zazzaɓin cizon sauro yana sa ciwon jiki. Cikungunya, wadda ta ɓarke a garin nan a 2006, tana barin gaɓoɓi suna ciwo watanni bayan zazzaɓin ya wuce. Ga sikila, ga amosanin gaɓoɓi, ga zaizayewar gwiwa da shekaru da ɗaukar kaya ke kawowa. Mai shan maganin rage kitsen jini na rukunin statin ya sanar da likita, domin raunin tayirod yana ƙara yiwuwar wannan magani ya sa ciwon tsoka.

Magani da ƙa'idojinsa

A 1891 wani likita a Ingila, George Murray, ya yi wa wata mata jinya da ruwan tayirod ɗin tumaki, ta murmure ta rayu shekaru masu yawa bayan haka. Yau an huta da wannan. Maganin 'yar ƙaramar ƙwaya ce, levothyroxine, wadda take daidai da T4 ɗin da jiki ya kasa samarwa. A kantunan maganin Kamaru an fi saninta da Levothyrox ko Euthyrox, tana zuwa da ƙarfi daban-daban: 25, 50, 75, 100 da sauransu. Likita ne ke zaɓar adadi bisa nauyin jiki da shekaru. Tsofaffi da masu ciwon zuciya da kaɗan ake fara musu, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Kada wata ta ari ƙwayar maƙwabciyarta don alamunsu sun yi kama.

Ana shan ta sau ɗaya a rana da ruwa zalla, ciki babu komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin a karya. Wannan ƙa'ida ita ce aka fi karyawa a kasuwa, inda mutum ke haɗiye ƙwaya ya bi ta da shayi mai madara ko kofi a teburin mai shayi. Ku ajiye ta da ruwa kusa da shimfiɗa, ku sha da zarar kun farka. Kafin a yi alwala a yi salla a kama hanyar Sandaga, lokacin ya cika. Wanda safiya ba ta yi masa ba yana iya sha lokacin kwanciya, awa uku bayan abincin dare. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, da ƙwayar kalsiyam, da farin maganin gyambon ciki, duk suna kama levothyroxine a hanji su hana ta shiga jini, don haka a sa awa huɗu tsakani. A watan azumi a tsara da likita tun kafin ganin wata: ko a tashi da wuri a sha kafin sahur da rabin awa ko fiye, ko a sha da dare bayan abincin buɗa-baki ya sauka.

Sauƙi ba ya zuwa a rana ɗaya. Kasala takan fara ja da baya cikin 'yan makonni, ɗaurewar tsoka ta biyo baya, amma ƙarfin cinya da kafaɗa yana iya ɗaukar wata shida ko fiye kafin ya dawo. Ana sake gwajin TSH bayan mako shida zuwa takwas da fara magani ko canza adadi, idan ya daidaita kuma sau ɗaya a shekara. Ga yawancin mutane maganin na tsawon rai ne, kuma wanda ya daina don ya ji garau, ciwon zai lallaɓo ya dawo. Ƙara adadi da kai ma haɗari ne: yana kawo faɗuwar gaba, rawar hannu, rashin barci, rikicewar bugun zuciya da raunin ƙashi. Macen da ke shan maganin, da zarar ta ga ɓatan wata ta je asibiti, kuma kada ta dakatar da shi, domin bukatar jikinta ƙaruwa take yi, ƙwaƙwalwar ɗan tayi kuma ta dogara da wannan sinadari.

Fatake masu zirga-zirga tsakanin Duwala da Ngaundare, Garwa, Marwa, Njamena ko Kano su tafi da abin da zai ishe su har su dawo, tare da takardar likita da kwalin maganin. Sunan kamfani yakan bambanta a ƙetaren iyaka, kuma ko da lambar ƙarfin ɗaya ce, jiki yana iya jin bambanci. An ga haka a Faransa a 2017, lokacin da aka sauya haɗin Levothyrox marasa lafiya da yawa suka koka. Idan dole ta sa aka canza, a sake gwaji bayan mako shida. Ƙwayar ba ta son zafi da danshi da hasken rana, saboda haka a bar ta cikin ledarta a wuri mai sanyi a gida. Rumfar kwano da aljihun gaban mota ba wurin ajiyarta ba ne, wadda ta yini a tiren mai talla kuwa ba a san abin da ya rage a cikinta ba.

Tun da an ambaci masu talla, akwai haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da ake ƙulla wa 'yan dako a leda, wanda mai sha bai san sunan ko ɗaya daga ciki ba. Diclofenac da ibuprofen idan aka daɗe ana sha kullum suna ƙwaƙule ciki su lalata ƙoda. Dexamethasone yana kumbura fuska, ya tayar da sukari da hawan jini, ya raunana tsokar da ake neman gyarawa. Tramadol kuwa yana kama mutum har ya kasa bari. Kafin levothyroxine ta kama jiki, farasitamol bisa ƙa'ida, gasa wuri da ruwan ɗumi, tafiya a hankali da miƙe gaɓoɓi sun fi aminci, kuma a rage nauyin kayan da ake ɗauka na ɗan lokaci. Idan TSH ya daidaita tsawon watanni amma ciwon bai gusa ba, a koma wurin likita ya nemi wani sanadin.

Akwai abubuwan da ba a kwana da su a gida. Gaɓa ɗaya da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi. Fitsarin da ya koma launin baƙin shayi bayan ciwon tsoka mai tsanani. Ciwon ƙirji ko haki bayan fara magani. Maƙoƙon da ke hana haɗiya ko numfashi. Da mai raunin tayirod, musamman tsoho, da jikinsa ya yi sanyi ƙalau, yake magagi ko ake shan wuya kafin a tashe shi. Duk wanda aka ga ɗaya daga cikin waɗannan a jikinsa, a kai shi sashen gaggawa nan take, a tafi da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya.