Tantance Injin Mota na Hannu Kafin a Biya Kuɗi

Mafi yawan motocin da ke zirga-zirga a titunan Arewacin Najeriya da Kudancin Nijar sun shigo ne a matsayin na hannu ta tashoshin jiragen ruwa na Legas da Kwatano, kuma idan injin irin wannan mota ya buga, mai ita yakan nufi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko kuma ya aika Ladipo a Legas, domin a samo masa wanda ake kira Beljiyam, wato injin da aka ciro daga wata mota a ƙasar waje. Babban kuskuren da ake yi a wannan ciniki shi ne mai saye ya ambaci sunan mota kawai, alhali mota ɗaya takan fito da injuna iri-iri gwargwadon shekarar ƙira da kuma ƙasar da aka ƙera ta dominta.

Kowane inji yana da lambar samfuri da ke bayyana asalinsa, kuma tsarin kamfanin Toyota ya isa misali, kasancewar motocinsa sun cika gari. A lamba irin 2AZ-FE, haruffan AZ su ne sunan dangin injin, adadin da ke gabansu yana nuna matsayinsa a cikin dangin, sannan haruffan bayan karan ɗori suna bayyana yadda yake aiki. Harafin E yana nufin na'ura mai ƙwaƙwalwa ce ke sarrafa feshin mai, harafin S yana nufin ana fesa man kai tsaye cikin silinda, shi kuwa X yana nuna injin da aka tsara wa mota mai haɗa fetur da lantarki. Saboda haka 1AZ-FE da 1AZ-FSE, duk da cewa kowannensu lita 2.0 ne, sun bambanta a famfon mai da nozul da wayoyi, haka nan 2AZ-FXE ba zai yi aiki a Camry ta fetur zalla ba sai da sauye-sauye masu tsada.

Dangin ZZ da ke cikin Corolla ya fi ruɗar da mutane, domin 1ZZ-FE mai lita 1.8 da 3ZZ-FE mai lita 1.6 da 4ZZ-FE mai lita 1.4 sun yi kama ƙwarai a ido, amma kama da wane ba wane ba ne. Wanda aka ɗora wa ƙaramin inji a kan ƙwaƙwalwar babba zai tarar motar ba ta da ƙarfi kuma feshin man bai daidaita ba. Ko a cikin samfuri ɗaya akwai bambancin shekara, domin Corolla ta Amurka ta 2003 da 2004 tana da totur mai igiyar ƙarfe, yayin da ta 2005 zuwa 2008 take da totur na lantarki, daga 2009 kuma aka koma 2ZR-FE, wanda wani dangi ne daban.

Sanin shekara yana kuma bayyana irin ciwon da injin ya gada. Injin 2AZ-FE mai lita 2.4 na Camry ta 2002 zuwa 2006 an san shi da lalacewar zaren ƙusoshin da ke ɗaure kan inji da gangar jikinsa ta alminiyam, musamman idan ya taɓa yin zafi fiye da kima, abin da ke jawo yoyon ruwa ta bayan injin. Na 2007 zuwa 2009 kuwa da yawansu suna shan baƙin mai saboda matsalar fistin da zobensa, har kamfanin ya fitar da sanarwar gyara ga dillalansa a 2011. Daga 2010 aka sa wa Camry ta Amurka 2AR-FE mai lita 2.5, wanda ba ya musanyuwa da na baya kai tsaye.

Hanyar tabbatarwa tana farawa ne daga motar mai saye. Lambar shasi tana da haruffa da alƙaluma 17, na farko yana nuna ƙasar ƙira, inda J ke nufin Japan, 2 ke nufin Kanada, 1 da 4 da 5 ke nufin Amurka, na goma kuma a motocin Amurka shi ne shekarar samfuri, wato 1 zuwa 9 na 2001 zuwa 2009, sannan A na 2010. Ita kuwa lambar inji an buga ta ne a jikin ƙarfen gangar injin, don haka a kanta ake dogara, domin murfin roba na sama ana iya cire shi a maye da wani. Ya kamata a ɗauki hoton tsohon inji ta kowane ɓangare, a kwatanta soket ɗin wayoyi da mazaunin sansa da wurin ɗaure giyabos, ko ma a kai shi kasuwa a ajiye su gefe da gefe.

Bayan samfuri sai lafiya. Baƙin mai da ya koma kalar madara a murfin zuba mai alama ce ta haɗuwar ruwa da mai, daskararren baƙin datti a ƙarƙashin murfin sama yana nuna an yi sakaci da juye, sabon fenti ko gam a bakin gaskit kuma yana nuna an buɗe injin an yi masa kwaskwarima. Ana cire fulogogi a duba ko sun jiƙe da mai, a juya kiranshaf da sifana a ji ko yana cijewa, idan kuma an tayar da injin a lura da hayaƙinsa, domin shuɗi na ƙonewar baƙin mai ne, fari mai kauri da ba ya yankewa kuma na ruwa ne. Gwajin matsin silinda shi ne ya fi ƙarfin hujja, kuma abin nema shi ne dukkan silindodin su ba da sakamako mai kusanci da juna.

Wajibi ne mai saye ya tafi da amintaccen bakanike wanda ba shi da kaso a wurin mai shago, ya ƙi duk injin da aka goge lambarsa, ya kuma karɓi rasiti mai ɗauke da lambar inji da wa'adin gwaji da sharaɗin mayarwa. Duk wanda ya tsaya ya karanta lamba ya kwatanta kafin ya biya, ya tsare dukiyarsa daga sayen inji sau biyu.