Daga Kashi 95 Zuwa 0.01: Lissafin da Ke Bayan Koren Tambari

A manyan kantunan Turai akwai wani ɗan tambari kore da ake bugawa a jikin kwalbar mai ko ƙunshin shayi: hoton ganye ne da aka zana da taurari 12. Tun watan Yulin 2010 Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan kayan abincin oganik da aka ƙunshe a ƙasashenta, wato waɗanda aka noma ba takin zamani, ba feshin sinadari. Riɗi da zoɓon da ake ɗurawa a buhu a Toranke da sauran ƙauyukan Ajingi da Gaya, su bi ta Wudil zuwa Dawanau, daga can sai tashar jiragen ruwa ta Legas, mafi yawansu suna fita ne ba tare da wannan tambari ko waninsa ba. Dalilin hakan yana cikin wasu 'yan alƙaluma.

Mu fara da yawan tamburan kansu. Hukumar Tarayyar Turai ta ƙirga tambura kusan 230 a kasuwanninta da ke da'awar kare muhalli. A 2020 ta sa aka binciki irin wannan da'awa guda 150 da kamfanoni ke rubutawa a jikin kayansu. Kashi 53 cikin 100 aka samu ko dai maganar ba ta fito fili ba, ko tana ɓatar da mai saye, ko ba ta da tushe. Kashi 40 kuwa babu wata hujja ko kaɗan a bayansu. Shi ya sa a 2024 aka yi doka mai fara aiki daga Satumban 2026, wadda ta hana kamfani kiran kayansa mai kare muhalli haka kawai da fatar baki. Wannan matsala ta shafi mai saye a Kano ma. Lambar NAFDAC a jikin leda shaida ce cewa an yi wa kayan rajista, tambarin SON kuma na inganci ne. Babu ɗayansu da ke cewa komai game da yadda aka noma abin. Hoton ganye da kalmomin Turanci masu daɗi kuwa, kowane mai injin buga leda zai iya yi maka su.

Tambarin gaskiya yana da sharuɗɗa masu lamba. Na Turai yana bukatar aƙalla kashi 95 cikin 100 na kayan gonar da ke cikin abincin su zama oganik. Gonar da ake shuka amfanin shekara-shekara, irin su riɗi da wake da gyaɗa, sai ta yi shekara 2 a ƙarƙashin ƙa'idar kafin a shuka abin da za a sa wa tambari. Itatuwa shekara 3 ne. Amurka kuma wata 36 take ƙirgawa daga ranar da aka yi feshi na ƙarshe. Manomi zai yi waɗannan damunai yana noman ciyawa da fartanya, yana kai takin gida da amalanke, amma ya sayar a farashin kowa.

Ana yawan cewa ai manomanmu dama oganik suke yi, takarda ce kawai ba su da ita. Maganar tana da ƙamshin gaskiya a da, lokacin da kashin dabbobi da toka da kwanan shanun Fulani a gona su ne taki. Yau duk wanda ya zaga gonaki a farkon damina zai ga matasa da tankin feshi a baya, domin maganin ciyawa ya fi 'yan ƙwadago araha. Feshi ɗaya ya isa ya mayar da ƙirgen shekarun nan farko.

A duniya baki ɗaya, cibiyar FiBL ta ƙasar Suwizalan ta ce a 2022 gonakin oganik masu takardar shaida sun kai hekta miliyan 96.4, kimanin kashi 2 cikin 100 na ƙasar noma. Amma hekta miliyan 53 daga ciki a Ostireliya suke, kuma yawancinsu filayen kiwo ne, don haka kada girman lambar ya ruɗi mutum. Afirka duka hekta miliyan 2.7 take da su, ƙasa da kashi 3 cikin 100 na jimillar, Uganda ce kan gaba da sama da hekta 500,000. Sai dai manoman Afirka masu shaidar sun kusa miliyan ɗaya cikin miliyan 4.5 na duniya. A raba hekta miliyan 2.7 ga mutum kusan miliyan ɗaya, kowa zai tashi da ƙasa da hekta 3. Ashe ƙananan manoma ne irin na Toranke, ba masu tarakta ba. Kasuwar kayan oganik ta duniya kuwa ta kai kusan Yuro biliyan 135 a wannan shekarar, fiye da kashi 40 nata a Amurka kaɗai.

Ta yaya mai hekta 3 ya iya biyan sufeton da zai zo daga nesa ya duba gonarsa? Bai biya shi kaɗai ba, ƙungiya suka yi. Sabuwar dokar oganik ta Turai, wadda ta fara aiki a Janairun 2022, ta yarda da shaidar ƙungiya, ta kuma gindaya mata iyaka: mambobi kada su wuce 2,000, kuma an yi tsarin ne don ƙaramin manomi, misali wanda gonarsa ba ta wuce hekta 5 ba, wajen eka 12 ke nan. Ƙungiyar da kanta za ta riƙa duba kowane mamba duk shekara tana rubutawa. Sannan masu ba da shaidar su sake duba aƙalla kashi 5 cikin 100 na mambobin, su ɗauki samfuri daga kashi 2. A ƙungiya mai mutum 2,000, gonaki 100 ke nan da samfuri 40. Ga wurin da lissafin yake cizon ƙananan ƙungiyoyi: komai ƙanƙantarsu, waɗanda za a sake dubawa ba za su gaza 10 ba. Ƙungiya mai mutum 50 za a duba kashi 20 nata, kuɗin kuma a kan mutum 50 zai rabu.

Duk da haka, lambar da ta fi yi wa manomin arewa illa ba ta tambari ba ce. Ita ce 0.01.

A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya. Tun daga Janairun 2013 an samu rahoton gargaɗi fiye da 50 a kan wakenmu, kusan duka saboda sinadarin dichlorvos, wanda shi ne ke cikin fiya-fiyar da ake yayyafa wa buhu don maganin ƙwari. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo. Abin da aka samu ya kama daga 0.03 zuwa 4.6, wato daga ninki 3 zuwa ninki 460. Dakatarwar shekara ɗaya aka ce da farko, sai aka ƙara ta zuwa 2019, aka sake ƙarawa zuwa 2022.

A buhu mai kilo 100, iyakar nan miligiram 1 ce tak, abin da ko ƙwayar gero ɗaya bai kai nauyinta ba. Buhun da ya kai 4.6 kuwa yana ɗauke da miligiram 460. A juye shi cikin kwantena mai tan 20, a gauraya shi da buhu 199 masu tsafta waɗanda ba su taɓa ganin magani ba, sakamakon zai fito 0.023, har yanzu fiye da ninki biyu na iyakar. Sai an samu buhu 459 masu tsafta kafin su shanye laifin buhu ɗaya. Japan ma, wadda take cikin manyan masu sayen riɗin Najeriya, tun 2006 take amfani da wannan 0.01 ga duk maganin da ba ta ware masa iyaka ta musamman ba.

Abin lura shi ne wannan ɓarna ba a gona take faruwa ba, a ɗakin ajiya ne, kuma sau da yawa ba a hannun manomin ba. Ya kai tiya 10 kasuwa, wani ya kai 15, dillali ya haɗa ya cika buhu ya ɗinke. Mai sito ya ajiye yana jiran farashi ya tashi, ƙwari suka fara huda, ya ɗauko kwalba. Kafin buhun ya bar Dawanau, babu mai iya cewa daga gonar wa ya fito. Takardar shaida kuwa, ko ta oganik ce ko wata, abin da take sayarwa ke nan: a iya bin buhu a baya har zuwa gonar da aka girbe shi.

Maganin ajiyar yana nan kusa. Buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙira aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, a Kano ma ana ƙera shi. Leda biyu ne masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure bakinsa daban, iska ta ƙare wa ƙwarin su mutu ba tare da ɗigon magani ba. A ganina ƙungiyar manoma a Toranke da ke tunanin tambari, nan ya kamata ta fara, da buhu da littafin rubuta sunan mai gona da ranar girbi, tare da malaman gona na KNARDA da ke da ofishin shiyya a Gaya. Bayan haka sai a zauna da kamfanin da zai saya, a ji ƙarin nawa zai biya a kan kowane buhu, kuma wa zai ɗauki kuɗin sufeto a damunan nan biyu na jira.